Shin Ya Halatta A Hana Ɗan Adam Daji Domin Dabba?

 Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun watannin baya. Na juya ta, na sāke juya ta, daga ƙarshe na ga ya fi kyau in shimfiɗa ta gaban jama'a, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Asalin maganar shi ne, ni ina zaune a wata unguwa da a ke kira Sri Petaling, kudu da tsakiyar birnin Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya, ina karantar da yara Larabci. Da aka yi hutu sai muka kwashi manyan almajirai muka kai su wani gandun daji mai suna Taman Negara. Da na komo na rubuta wa mutanen gida labari, aka karanta takardar a zauren wani dattijo aminin mahaifina, wanda ya tsufa cikin sayar da magungunan gargajiya. Ba a daɗe ba sai ga amsarsa. Ya ce, "Ɗana, na ji labarinka, ka sha kallo. To, tun da kai mai karatu ne, gaya mini, a wane littafi aka ce a kori mutum daga dajin kakanninsa a bar wa biri? Ubana maharbi ne. An kama shi da bindiga a dajin da kakansa ya yi harbi, aka ci shi tara, aka karɓe bindigar, har ya mutu bai daina zancenta ba. Wannan ba dabarar Nasara ba ce?"

Wallahi tambayar nan ta yi mini nauyi, domin mai ita ba jahili ba ne, kuma abin da ya faɗa ya taɓa gidansu. Amma kafin in amsa wa Baba, bari in ba ku labarin wurin, don ku san abin da mu ke gardama a kansa.

Unguwar da na ke zaune duk siminti ce da kwalta da dogayen benaye. Babban filin wasa na Bukit Jalil da ke daura da mu, wanda aka gina domin wasannin ƙasashen Kwamanwal na 1998, dā gonar roba ce. Shi kansa birnin Kuala Lumpur masu haƙar kuza ne suka kafa shi wajen 1857, a tsakiyar ƙungurmin daji. Yau wanda bai sani ba ba zai ce giwa ta taɓa bin wurin ba. In kana so ka ga kamannin ƙasar kafin gatari ya shige ta, sai ka shiga mota ka yi tafiyar kamar sa'a 3 zuwa garin Jerantut, ka gangara bakin kogin Tembeling, ka shiga dogon kwalekwale mai inji, ku yi ta haura ruwa har ku isa Kuala Tahan, ƙofar gandun.

Faɗin gandun murabba'in kilomita 4,343 ne, ya ratsa jihohi uku, watau Pahang da Kelantan da Terengganu. A cikinsa ne dutsen Tahan ya ke, mai tsawon mita 2,187, wanda ya fi kowane dutse tsawo a wannan sashe na Malesiya. Masana sun ƙiyasta dajin ya kai shekara miliyan 130, Allah ne masani. Itatuwan kuwa, in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Akwai wani da su ke kira tualang, santsi gare shi kamar an shafe shi da mai, ba ya fid da reshe sai can sama, zuma kan yi saƙarta a jikin rassan. Da tsakar rana a ƙarƙashin itatuwan sai ka ce almuru ne. Ƙasa kullum a jiƙe, matsattsaku suna hawan ƙafa ba sallama. Can sama aka ɗaura wata gada ta igiya daga itace zuwa itace, kamar mita 40 daga ƙasa, irin wadda waɗansunku suka hau a Kakum kusa da Cape Coast.

Akwai giwa a ciki, da ɓauna, da cilakowa manya-manya, da wata dabba mai guntun hanci irin na giwa, gabanta baƙi bayanta fari. Akwai kuma damisar nan ta Asiya mai ratsi-ratsi, wadda mutanen ƙasar ke kira harimau, har suka sa ta a tambarin ƙasarsu. Mu dai ba mu ga ko ɗaya daga cikin manyan nan ba, sai birai da aladen daji da kashin giwa a bakin hanya. Wani almajirina ya ce, "Malam, ashe wahalar banza muka sha." Na ce masa, ai gidansu ne muka zo, mai gida kuwa ba dole ne ya fito wa kowane baƙo ba.

To, yanzu sai mu koma kan maganar Baba. Dole in fara da yarda cewa akwai gaskiya a bakinsa. Allah ya girmama ɗan Adam, ya hore masa abin da ke bayan ƙasa, ya halatta masa farauta. Shari'a ta sa ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu. Kuma ba ƙarya ya yi ba da ya ce irin wannan gandu na zamani daga Turawa ya fito. Na farkonsa shi ne Yellowstone a Amurka, a 1872, aka kuwa hana 'yan asalin wurin farauta a cikinsa. Taman Negara ɗin ma da aka kafa shi a 1938 da 1939, sunan Sarkin Ingila Joji na Biyar aka sa masa, sai bayan samun mulkin kai a 1957 aka sāke masa suna. Gandun W da ke tsakanin Nijar da Binin da Burkina Faso, Faransawa suka kafa shi a 1954. Yankari a ƙasar Bauchi an keɓe shi a 1956. Mole a arewacin Gana an fara keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma sai da aka tashi waɗansu ƙauyuka daga cikinsa. Wanda aka tasa daga kan kabarin ubansa, in ka ce masa domin giwa ne, ba zai yi maka godiya ba.

Amma fa Baba ya tambaye ni littafi, to, ga littafi. Keɓe daji a hana mutane shigarsa ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Larabawa suna kiransa hima, mu kuwa muna cewa hurumi. A zamanin jahiliyya, in shugaba mai ƙarfi ya sauka wuri mai ciyawa, sai ya hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, iyakar inda haushin ya kai ya zama nasa shi kaɗai, alhali kuwa yana kiwo tare da jama'a a sauran wuraren. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya soke wannan. Amma bai soke hurumin kansa ba, sai ya mai da shi na jama'a. Ya keɓe wurin da a ke kira Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. Sayyadina Umaru kuma ya keɓe Rabaza domin raƙuman zakka da na yaƙi. Ga kuma haramin Makka, inda ba a farautar dabba, ba a razana ta, ba a sare itacen da ya tsiro don kansa. Alhazanmu sun ga tantabarun Makka suna yawo tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro. Madina ma an yi mata irin wannan harami. A ƙasar Hausa kuwa, wa bai san hurumin gari ba, da makiyaya, da burtali, da mashaya, waɗanda ba mai ikon nomewa? Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, har littafi ya wallafa kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi. Ashe ke nan asalin abin namu ne tun kafin mu gan shi a hannun wani.

Sai dai malamai ba su bar wa sarki abin sakaka ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, a babin matacciyar ƙasa, an gindaya sharuɗɗa: shugaban jama'a ne zai keɓe, sai akwai bukata, wurin ya zama kaɗan yadda ba zai ƙuntata wa mutane ba, ya zama babu gini ko shuka a cikinsa, kuma amfanin ya zama na jama'a duka. Labarin da ya fi ratsa ni kuwa yana ƙarshen Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sa'ad da Sayyadina Umaru ya naɗa baransa Hunayyu tsaron hurumi, ya umurce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tare garken Abdurrahmanu ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affana, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin zuwa sai ƙofar Sarkin Musulmi da 'ya'yansa a hannu. Sa'an nan Umaru da bakinsa ya yarda mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, gama ƙasarsu ce, a kanta suka musulunta, ya kuma rantse ba domin dabbobin da a ke hawa saboda Allah ba, da bai keɓe ko taki ɗaya ba.

Ku duba, jama'a. Wanda ya kafa hurumin bai yi shi da fara'a ba, ya san akwai waɗanda abin ya yi wa ciwo. Kuma ƙofar da ya bari a buɗe ta talaka ce, wadda ya rufe ta attajiri ce. Haka kuma ran da aka ci Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, da Annabi ya hana yanke tsiron harami, sai baffansa Abbas ya roƙa a toge wata ciyawa mai ƙanshi da a ke kira izhir, domin mutanen Makka suna bukatarta a gidajensu da maƙerunsu, aka kuwa toge ta. Haramin Allah ma an bar wa mazaunansa ƙofar bukata.

Da wannan ma'auni za mu auna gandun zamani. Ta wajen ƙanƙanta, Taman Negara kimanin kashi 3 ne cikin 100 na sashen Malesiya da ya ke ciki, Mole kuwa kimanin kashi 2 cikin 100 na Gana. Wannan bai yi yawa ba. Ta wajen mazauna, na ga abin da ya faranta mini rai. Akwai wata kabila ta 'yan asalin dajin da a ke kira Batek, an bar su a ciki, suna yin bukkokinsu, suna farautar abin da za su ci da wata 'yar kibiya mai dafi da su ke hurawa ta cikin gora. Dazuzzukan da ke wajen gandun an sare da yawansu an dasa kwakwar manja, saboda haka iyakar da aka zana domin dabba ita ce ta zama mafakar mutanen ma. Amma inda aka tashi ƙauyuka, sharaɗin nan na rashin gini da shuka ya karye, ba kuwa abin da zai ɗinke shi sai diyya cikakkiya. Sayyadina Umaru da zai faɗaɗa masallacin Ka'aba a shekara ta 17, ya rushe gidaje, amma ya biya, waɗanda suka ƙi karɓa ya ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka ɗauka. In ɗakin Allah bai ci gidan mutum kyauta ba, ina gandun giwa?

Inda abin ya fi ɓaci shi ne inda aka juya umurnin Umaru aka kifa shi. A kama mai tarko ɗaya da ya kama gafiya, a bar mai manyan motoci ya wuce da gungumen itace. Kowa ya ji yadda aka yi ta sare madobiya a arewacin Gana da Nijeriya, a na lodin ta zuwa ƙasar Sin, har aka dakatar da cinikinta tsakanin ƙasashe a 2022. Ba maharbi ne ya kai ta bakin teku a kansa ba. In irin wannan ne Baba ke kuka da shi, to, ni da shi bakinmu ɗaya.

Saura tambaya mai wuya. Wani almajiri mai kaifin hankali zai ce, "Malam, hurumin Umaru na dawaki ne da raƙuman zakka, amfaninsu a fili ya ke. Ina amfanin damisa ga Musulmi?" Amsata kashi uku ce.

Ta farko, wanda ya tsare dajin damisa ya tsare ruwan mutane. Kogin Tembeling da muka bi yana zuba cikin kogin Pahang, wanda ya fi kowane kogi tsawo a wannan sashe na ƙasar, garuruwa da gonaki suna rayuwa a kansa. Daji kamar soso ya ke, ya sha ruwan sama ya riƙa sakinsa a hankali. In an sare shi, da damina ambaliya, da rani ƙishirwa. Haka maɓuɓɓugar Wikki a Yankari, wadda ruwanta ke fitowa garau daga ƙarƙashin dutse da ɗumi ɗaya dare da rana, kimanin digiri 31, da kogin Gaji da namun dajin ke sha da rani. Ku da ke gida ba ku bukatar a ba ku labari, kun ga yadda haƙar zinariya ta galamse ta mai da Pra da Offin da Birim kamar kunu.

Ta biyu, jama'ar da a ke keɓe wa hurumi ba mu kaɗai ba ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Umarun nan dai ya ƙi raba ƙasar Iraki ga mayaƙan da suka ci ta, domin Musulmin da za su zo daga baya su sami rabo. A shekarun 1950 an ƙiyasta damisar Malesiya ta kai 3,000. Ƙidayar da gwamnati ta yi daga 2016 zuwa 2020 ta nuna ba su kai 150 ba. Karkandar ƙasar kuwa, ta ƙarshe ta mutu a jihar Sabah a watan Nuwamba na 2019. Yaran da na ke karantarwa ba za su gan ta a ƙasarsu ba sai a hoto. Baba da kansa ya san irin fatu da ƙahoni da saiwoyin da ubansa ke samu a sauƙaƙe, waɗanda yau ko da kuɗi ba a samunsu. Maharbi ya fi kowa asara ran da daji ya ƙare.

Ta uku, wadda ta fi zauna mini a zuciya, dabba tana da nata matsayi wurin Mahaliccinta ko ba ta amfane mu ba. Suratul An'ami ta sanar da mu dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamarmu, Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu kowane abu yana tasbihi, mu ne ba mu fahimta. Annabi Nuhu da zai shiga jirgi, an umurce shi ya ɗauki biyu-biyu daga kowane iri, ba a ce ya zaɓi na yanka da na hawa kaɗai ba. An halatta mana mu yanka ɗaya mu ci. Ban ga inda aka halatta mana mu shafe iri ɗungum ba, mu rufe bakin wata al'umma mai ambaton Allah. Halifa wakili ne, wakili kuwa a kan tambaye shi kayan da aka ba shi ajiya.

Kada kuma a ce abin ba ya gyaruwa. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, a 1996 saura 49 kacal a duk Afirka ta Yamma. Ba a kori kowa ba, suna kiwo a cikin gonakin mutane. Aka hana harbinsu, aka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da rance, aka ɗauki 'ya'yansu aikin rakiyar baƙi. Kafin 2018 sun haura 600. Ran da talaka ya ga rabonsa a cikin abu, shi ne zai zama mai gadinsa. Inda kuwa aka zana iyaka a takarda aka kori mutanen kirki, sa'an nan aka yi sakaci da tsaro, mun ga abin da ya biyo baya. Sambisa dā gandun namun daji ne kafin ya zama maɓoyar Boko Haram, Kamuku ta Birnin Gwari kuma 'yan bindiga suka shige shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, Baba, ga amsata a taƙaice, in na yi kuskure malamaina su gyara mini. Ya halatta shugaba ya keɓe daji ya hana farauta da sara a cikinsa, wani lokaci ma ya wajaba a kansa. Amma da sharaɗi ya biya wanda ya tasa, ya biya manomin da giwa ta fito ta tattake masa dawa, kamar yadda ta kan yi wa ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, ya bar wa mazauna wurin izhirinsu, watau zuma da magani da kaɗanya da itacen girki gwargwadon bukata, ya kuma fara tare babba kafin ƙarami. In ya cika waɗannan, wanda ya keta iyakar ya yi laifi wurin hukuma da wurin Allah. In bai cika ba, hurumin nasa ya koma irin na mai kare a kan tudu. Game da mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, in domin abincin iyalinsa ya shiga, ba a kuwa ba shi wata mafita ba, ina ganin da Hunayyu ne a bakin dajin, da ya bar shi ya wuce.

Ku kuma 'yan'uwana samari, na san zaman banza ba daɗi, na san kuɗin ramin zinariya da na gawayi suna da saurin zuwa. Amma kafin ka zuba sinadari a kogi, tuna akwai wata tsohuwa a gangare da za ta yi alwala da ruwan. Iyayenmu masu magani kuma ina roƙonku da girman Allah, fatar dabbar da kuka san ta kusa ƙarewa, ku daina saye, gama mai saye shi ke aiken maharbi. Ina kuma ba ƙungiyarmu shawara, in hali ya yi, a tara kuɗin mota a kai yaran makarantunmu Mole, su yi salla a tsohon masallacin Larabanga da ke kusa da ƙofarsa, su ga giwa da idonsu. Gani ya kori ji.

Wanda ke da wata hujja da ta saɓa wa tawa, ya rubuto a fitowa ta gaba, zan karanta da kunnen almajiri. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya ji ƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya zaunar da zangonmu lafiya. Amin. Wassalamu.